Tambayi Malama: 'Yata na son karanta nazarin jinsi, hankalina bai kwanta ba

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malama. Ni magidanci ne a Rigasa, ina sayar da kayan gini. Babbar 'yata ta gama digirinta na farko a fannin zamantakewar al'umma, ta yi bautar ƙasa ta dawo. Yanzu ta ce digiri na biyu take so, a wani fanni wai nazarin jinsi da adalci a zamantakewa. Ban taɓa hana ta karatu ba. Ni na kai ta jami'a da kaina lokacin da 'yan'uwana ke cewa a yi mata aure. Amma wannan karon na tsorata. Abokaina a majalisa sun ce karatun nan shi ke koya wa mata raina miji, wani ma ya ce ta nan ake shigo mana da luwaɗi da maɗigo. Mahaifiyarta na bayanta, har mun ɗan samu saɓani a gida. Yarinyar na da natsuwa, ta sauke Alƙur'ani, kuma akwai mai nemanta. Don Allah a gaya mini gaskiya, me ake koyarwa a wurin nan? In bar ta ko in hana?

Wani mahaifi, Rigasa

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Alhaji. Allah ya saka da alheri, ya albarkaci zuri'a. Uban da ya tsaya wa karatun 'yarsa lokacin da dangi ke cewa a aurar, ya cancanci amsa ba ɓoye-ɓoye. Shawarata ka bar ta. Akwai sharuɗɗa, zan zo kansu, amma mu fara leƙa ajin tukuna.

Abin da ake koya wa ɗalibi shi ne ya ɗauki matsala guda ta al'umma ya bi ta da tambayoyi. Wa ke shan wahalar? Wa ke yanke shawara? Kuɗin na hannun wa? Wa doka ta ba haƙƙi, kuma haƙƙin na isa gare shi ko a hanya yake maƙalewa? Sai a duba ko amsar ta bambanta tsakanin namiji da mace, tsakanin mai hali da talaka, ɗan birni da ɗan ƙauye, mai lafiya da mai naƙasa. Domin amsa su za ta karanta tarihi da doka da tattalin arziki da lafiyar al'umma, da kuma dabarun bincike.

Ɗauki mutuwar mata wajen haihuwa. Binciken lafiya na ƙasa da aka yi a 2018 ya nuna cewa cikin kowace haihuwa 100,000 a Najeriya, uwaye 512 ke rasa ransu. Ka tambayi likita, zai ce maka zubar jini ne, ko jijjiga, ko doguwar naƙuda, kuma gaskiya ya faɗa. Sai dai duk waɗannan ana shawo kansu in an kai mace a kan lokaci. To me ke hana a kai ta? A 1994 wasu masu bincike biyu, Sereen Thaddeus da Deborah Maine, suka kasa jinkirin gida uku: jinkirin yanke shawarar tafiya asibiti, jinkirin hanya, da jinkirin da ake samu bayan an isa. Na biyu da na uku maganar titi ce da mota da jini da ma'aikata. Na farkon kuwa a tsakar gida yake faruwa.

Lokacin da nake aiki a ofishin jin daɗin jama'a a nan Kaduna, an kawo mana wata yarinya 'yar shekara 17 daga wata unguwa a bayan layin dogo. Muka nuna mata benci ta ƙi zama. Ta zaro leda daga cikin hijabinta, ta shimfiɗa a ƙasa, ta zauna a kai, kanta a sunkuye. Yoyon fitsari. Da muka bi labarin a hankali, ashe naƙuda ta kama ta bayan sallar isha'i. Mijin direban babbar mota ne, yana hanyar Legas, waya ba ta shiga. Uwar miji ta ce haihuwar fari haka take, a ba ta rubutu a jira. Uwargida na da kuɗin adashi ƙulle a bakin zani, maƙwabci na da Keke Napep a ƙofar gida, amma ta ji tsoron a ce ta fitar da amarya ba izinin maigida, in wani abu ya faru a ce da hannunta. Sai washegari da la'asar aka samu mijin. Yana jin labari ya ce me ake jira, a kai ta maza. Jaririn bai zo da rai ba.

Alhaji, babu mugu ko ɗaya a gidan nan. Kowa na ƙaunarta. Kuma duk malamin fiƙihun da ka tambaya zai gaya maka ceton rai ba ya jiran izini. Wanda ya karanci fannin nan shi ke gano cewa gidan ba ya buƙatar a ce masa “ku riƙa zuwa asibiti”, sun san asibitin. Abin da suke buƙata shi ne tun ciki na wata bakwai maigida ya faɗa a gaban uwarsa da matansa cewa ya ba da izini, yana gari ko ba ya gari, ya ajiye kuɗin mota a hannun wata da kowa ya sani, a kuma san wanda zai ba da jini. A jihohin Arewa da dama an yi shiri da ƙungiyar direbobi ta NURTW domin su riƙa ɗaukar mai naƙuda ko da tsakar dare. Irin wannan binciken ne ya haifar da dabarar. Tun kafin nan ma, a asibitin koyarwa na Zariya, Farfesa Kelsey Harrison da abokan aikinsa sun bi haihuwa 22,774 daga 1976 zuwa 1979, suka ga cewa matan da suka yi makaranta kuma suka je awo, mutuwa a cikinsu ta yi ƙasa ƙwarai da gaske.

Ko ka ɗauki talla. Kowa na tsine mata, ni ma ba na son ganin yarinya 'yar shekara goma da farantin awara a tashar Kawo da magariba. Amma tsinuwa ba ta taɓa sauke faranti ba. Polly Hill da ta zauna a Batagarawa ta Katsina, da Enid Schildkrout da ta yi bincike a cikin birnin Kano a shekarun 1970, sun nuna yadda matan da ba sa fita ke gudanar da kasuwanci mai yawa daga cikin gida, fura da ƙosai da ƙuli-ƙuli da ɗinkin hula, wanda ba ya shiga lissafin gwamnati. Yarinyar ita ce ƙafar uwarta. Ita ke sayo kaya, ita ke kai wa masu saye, kuma ribar ita ake tarawa a yi mata kayan ɗaki, tunda al'ada ta ɗora wa uwa wannan nauyin. In ka kai ta aji daga safe zuwa azahar, ka rufe wa uwar shago. Shi ya sa ake cewa makaranta kyauta ce, a dawo a tarar da kujerun 'yan mata babu kowa. Wanda bai san wannan ba zai ƙare da zagin iyaye. Wanda ya sani zai tambayi yadda uwar za ta sayar da kayanta ba tare da 'yar ba, da kuma yadda za a rage gasar kayan ɗaki.

Abin da ya fi ci mini rai a shekarun aikina kuwa, yawancin matan da suka zo mana da kuka ba wata dokar Turawa suke nema ba. Haƙƙin da Musulunci ya riga ya ba su ne aka danne. Ayar farko ta Suratuɗ Ɗalaƙ ta ce kada a fitar da matar da aka saka daga gidanta tana cikin idda. Mu kuwa takarda da Ghana-must-go muke miƙa mata a dare ɗaya. A mazhabar Malikiyya da kotunanmu ke bi, riƙon yara na wajen uwa, namiji har ya balaga, mace har ta yi aure ta tare, ciyarwa kuma a kan uba. In uwar ta sake aure, kakar wajen uwa ce a gaba. Sau nawa ka ga an yi haka a unguwarku? Da an yaye yaro sai a zo a ɗauke. Suratun Nisa'i ta yanke wa 'ya mace rabonta, ta yanke wa matar mamaci tumuninta in akwai 'ya'ya, rubu'i in babu. Amma in gona ce ko gida, sai a ce a bar wa maza su riƙe, “ai ke gidan wani za ki”, riƙon ya zama mallaka. Tazarar da ke tsakanin abin da ke cikin littafi da abin da ake yi a zaure, ita kaɗai ta ishi ɗaliba digiri uku. Kuma wa ya fi dacewa da wannan aikin in ba yarinyar da ta sauke Alƙur'ani, ta tashi a Rigasa, ta san kunyar da ke hana mace kai ƙarar yayanta ba?

Kada kuma a ce maka maganar baƙuwa ce a ƙasar nan. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a cikin Nurul Albab ya zargi malaman zamaninsa da ke koyar da almajirai a waje suna barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta kafa tsarin 'Yan Taru, tana naɗa mata jagorori, waɗanda ake kira jaji, da malfa, suna bin ƙauyuka da waƙoƙin ilimi suna koyar da mata. Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya ta sha ɗauri da duka a zamanin NEPU, kuma cikin abin da take nema har da ƙuri'ar matan Arewa, wadda ba su samu ba sai 1976, alhali matan Kudu na jefa tasu tun shekarun 1950. A Jami'ar Ahmadu Bello aka yi taron 1982 da ya haifar da ƙungiyar kare haƙƙin mata ta WIN, maza da mata a cikinta. A Minna aka kafa FOMWAN, tarayyar ƙungiyoyin mata Musulmi ta Najeriya, a 1985, Hajiya Aisha Lemu ce Amira ta farko. Waɗannan ba bakinsu ɗaya ba a kan komai, wasu ma sun yi hannun riga, amma duk a ƙasarmu suka tsiro. Farfesa Amina Mama, wadda ta shugabanci babbar cibiyar nazarin jinsi a Afirka ta Kudu shekaru masu yawa, a garin nan na Kaduna ta tashi.

Yanzu ga abin da ke damunka. Ba zan ce maka abokanka ƙarya suka yi gaba ɗaya ba. Fannin a matsayin darasin jami'a ya bunƙasa ne a Amurka da Turai daga wajen 1970, kuma a jami'o'in can maganar masu neman jinsinsu babban ɓangare ce ta manhajar. Wasu daga cikin littattafan da za a ba 'yarka daga can aka rubuto su, za ta ci karo da ra'ayoyin da suka saɓa wa addininta, wasu ma kai tsaye. A nan gida abin da aka fi mayar da hankali a kai shi ne lafiya, ilimi, talauci, doka, siyasa da cin zarafi, kuma tun Janairun 2014 akwai dokar ƙasa da ta haramta auren jinsi. Amma karantawa za ta karanta. Ɗalibin tattalin arziki ma yana karanta yadda kuɗin ruwa ke aiki, daga cikinsu ne kuma aka samu waɗanda suka kafa bankin Musulunci. Sannan a cikin fannin kansa akwai jayayya mai zafi. Oyeronke Oyewumi, Bayarabiya, ta yi suna a 1997 da hujjar cewa masanan Yamma sun ɗora wa Yarabawa ma'aunin da ba nasu ba, domin a wurinsu girman shekaru ya fi bambancin namiji da mace tasiri. Ifi Amadiume ta yi makamancin haka game da Ibo a 1987. Ɗaliba mai kai za ta koyi yadda ake musu da littafi, ba yadda ake haɗiye shi ba.

Ni tsorona daban ne. Na ga waɗanda suka fito daga irin wannan karatu ba su ƙaru da komai ba sai haddar kalmomin masu ba da tallafi. Suna iya cika takarda da Turanci, amma ka zaunar da su gaban bazawara a Hayin Banki ba za su iya yi mata tambaya uku da Hausa ba tare da sun ɓata mata rai ba. Suna shiga ƙauye da tunanin sun zo wayar da kan jahilai, alhali tsohuwar da ke gabansu ta riƙe gida da marayu shida da kuɗin daddawa. Wannan girman kan shi ne cutar fannin, kuma shi nake so ka tsare 'yarka daga gare shi.

Maganar raina miji kuwa, ba zan yi maka alkawarin da ba ni da iko a kansa ba. Na ga auren da ya mutu a gidan da ba wanda ya taɓa shiga aji, na ga wanda ya mutu tsakanin masu digiri, na kuma ga masu ɗorewa a kowane ɓangare. Tarbiyya daga gidanka ta samo ta, shekara biyu a jami'a ba za su kankare ta ba. Abin da zai ƙaru shi ne za ta san haƙƙinta da na mijinta dalla-dalla, kuma in ta ga ba daidai ba za ta yi magana. Saboda haka mai nemanta ya san da karatun tun yanzu. A zauna da shi da waliyyinsa kafin a sa rana, a faɗa a fili cewa za ta ci gaba, a ji ta bakinsa. In ya ce bai yarda ba, gara a ji yau.

Sharuɗɗan da na ce. Ka sa ta kawo maka jerin darussan da za ta ɗauka, ku zauna ta fassara maka ɗaya bayan ɗaya. Haƙƙinka ne, kuma in ta kasa bayyana maka darasi da Hausa, ita ma ba ta gane shi ba tukuna. Ku tabbatar hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa ta amince da shirin. Ba sai ta yi nisa ba: Jami'ar Jihar Kaduna na da cibiyar nazarin jinsi, Jami'ar Bayero ta Kano ma haka, a Zariya kuma ana iya yin digiri na biyu a sashen zamantakewa ko na shari'a a ɗauki maudu'in da ya shafi mata. Ta tambayi tsofaffin ɗalibai wane malami ne ke duba aikin ɗalibinsa da gaske, domin a digiri na biyu mai duba aiki ya fi sunan makaranta muhimmanci. Ta dage da darasin ƙididdiga ko da ba ta son lissafi. Yawancin ɗalibai gudunsa suke yi, shi ne kuwa ke raba mai bincike da mai surutu.

Sharaɗin da na fi nauyaya shi ne kada ta ajiye karatun addini. Ta samu malami ko malama ta bi babin aure da saki da ciyarwa da riƙon yara da gado a Risala, in da hali ta wuce gaba. Wanda zai yi magana a kan gidan Bahaushe bai san waɗannan babuka ba, ba mai sauraronsa, kuma da gaskiyar mutane.

Ke kuma 'yata, na san za a miƙa miki mujallar nan. Tsoron Baba ba ƙiyayya ba ce, kada ki amsa masa da fushi ko da dogon Turanci. In lokacin zaɓen maudu'i ya yi, kada ki ɗauko abin da ake yayi a intanet. Ki dubi unguwarku. Matan da rikicin daji ya koro daga Birnin Gwari da Chikun suka tare a gidajen haya a bayan gari, da me suke ci? Zawarawa nawa ne kotu ta yanke wa kuɗin ciyar da yara, nawa ne kuma kuɗin ya shiga hannunsu? Ki je da littafinki ki zauna a kan tabarmarsu, ki nemi izininsu kafin ki rubuta, ki ɓoye sunayensu, in kin gama ki koma ki gaya musu abin da kika samo. Mahaifiyarki kuma ki roƙe ta ta sassauta, maganar ba ta kai a yi fushi da juna a kanta ba.

TAMBAYA

Malama barka da aiki. Ina shekarar ƙarshe a fannin kimiyyar siyasa. Wata malamarmu ta yi mana darasi a kan mata da siyasa, abin ya shiga raina har ina tunanin ci gaba a kansa. Abokaina na yi mini dariya wai karatun mata ne. Namiji na yin sa? Kuma tsakani da Allah, akwai aiki a ciki? Ni ne babba a gidanmu, ƙannena na jira na.

Ɗalibi, Kakuri

AMSA

Ɗana, namiji na yin sa, kuma ana neman irinku ido rufe, domin akwai zauren da ni ba zan shiga ba, akwai maganar da direba ko mahauci ba zai faɗa wa mace ba. Kai da ka fito daga Kakuri ma maudu'in na ƙofar gidanku. Masaƙar KTL da aka buɗe a 1957 ta rufe a 2002, sauran masaƙun suka bi ta ɗaya bayan ɗaya, dubban magidanta suka wayi gari ba albashi, da yawa sun rasu suna jiran haƙƙinsu. Al'ummar da ta ce darajar namiji ita ce ya fita ya kawo cefane, me take yi da shi ranar da ba inda zai fita? Me ke faruwa da aurensa in matar ce ta koma ciyar da gida da sayar da abinci a bakin titi? 'Ya'yansa maza da suka tashi suna kallonsa a zaune, ina suka nufa? Almajirin da aka turo birni yana ɗan shekara bakwai, an turo shi ne saboda namiji ne, ana ganin zai jure. Samarin da ke kwana a tasha, da waɗanda ke cika gidan yari suna jiran shari'a shekara da shekaru, duk cikin fannin nan suke. Ka gaya wa abokanka haka.

Darasin da ya ja hankalinka ma da sauran aiki a cikinsa. Manufar ƙasa kan jinsi ta 2006 ta yi maganar ba mata kashi 35 cikin ɗari na muƙamai, amma bayan zaɓen 2023 matan da ke Majalisar Dattawa mai kujeru 109 ba su kai biyar ba, kuma a Maris ɗin 2022 Majalisar Tarayya ta yi watsi da ƙudurori biyar da suka shafi mata a gyaran tsarin mulki. A jiharmu kuwa an zaɓi Dakta Hadiza Balarabe mataimakiyar gwamna a 2019. Me ya sa wannan ta yiwu, kujerar ɗan majalisa ta gagara? Kuɗin fom ne, ko taron dare, ko 'yan daba, ko wakilan zaɓen fid da gwani? Ɗan kimiyyar siyasa ne ya kamata ya amsa.

Batun aiki, tunda ƙanne na jiranka ba zan yi maka romon baka ba. Ba a ɗaukar mutum don takardarsa ta ce nazarin jinsi kawai. Guraben da ke akwai suna ma'aikatar kula da jin daɗin al'umma ta jiha, da shirye-shiryen ilimin 'ya'ya mata irin su AGILE da Bankin Duniya ke tallafawa, wanda Kaduna na cikin jihohin farko da suka shiga, da ƙungiyoyi masu zaman kansu, da koyarwa da aikin jarida. Aikin ƙungiyoyi yawanci kwantiragi ne na shekara ɗaya ko biyu, kuma kuɗinsa daga waje yake zuwa. Da Amurka ta dakatar da tallafinta a farkon 2025 ta kuma rushe hukumar USAID, ma'aikata da yawa a ƙasar nan sun koma gida cikin 'yan makonni. Kada ka jingina rayuwar gidanku a kan wannan kaɗai.

Buƙatar dai tana nan ba ta gushe ba. An sa hannu a dokar hana cin zarafin jama'a ta tarayya a 2015, Kaduna ta yi tata a 2018, a shekarar kuma ta yi dokar kare yara. A 2020 aka gyara dokar hukunta laifuka ta jiha, aka tanadi dandaƙa da kisa ga wanda ya yi wa yaro ko yarinya 'yar ƙasa da shekara 14 fyaɗe. Hukunci ya yi tsanani a takarda. Amma ƙara nawa ke kai wa gaban alƙali? Tun a gidan mai unguwa ake kashe yawancinsu da sunan rufin asiri, wasu a wanke yarinya a wanke kayanta kafin a je asibiti, shaida ta tafi. Akwai cibiyoyin Salama a asibitin Gwamna Awan da ke unguwarku, da Tudun Wada, da Zariya, da Kafanchan, amma iyaye nawa suka san cewa maganin kariya daga cutar ƙanjamau sai an fara shi cikin awa 72 yake aiki? Tsakanin dokar da yarinyar akwai ɗan sanda, da nas, da mai gabatar da ƙara, da liman, da mai unguwa, kuma kowannensu na buƙatar wanda ya san aikin ya zauna da shi.

Don haka ga yadda nake ganin za ka yi. Ka gama digirinka da sakamako mai kyau. Ka yi aikin bincikenka na ƙarshe a kan maudu'in, wajen malamar da ta koyar da ku, ka ga ko son zai ɗore bayan ka sha wahalar tattara bayanai. Kafin bautar ƙasa ka koyi sana'ar da ake biya a kanta ko'ina: tattara bayanai da waya, sarrafa su a kwamfuta, bin diddigin shiri da auna sakamakonsa, da rubuta rahoto mai tsabta da Turanci da Hausa. Ka nemi wata ƙungiya ta cikin gari da ke aiki da marayu ko zawarawa ko almajirai ka ba su ranakun Asabar ɗinka kyauta, ka roƙi takardar shaida in za ka tafi. In ka samu aiki, ko na koyarwa ne, ka fara ɗauke wa iyayenka kuɗin makarantar ƙanne, digiri na biyun ka yi shi kana aiki. In ka tsayar da maudu'in bincikenka ka sake rubuto mini ta ofishin mujallar, in duba maka tambayoyin kafin ka fita da su.